Mai Ido da Mazurarin Jan Ƙarfe

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana da jikokina.

Ban ji amsa ba. Ku ce ta zo mu ji ta.

Yauwa, ta zo. To ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan a ƙasa, don labarin ma har da waya a cikinsa.

An yi wani mutum, mai gyaran kayan lantarki. Shagonsa ɗan ƙarami ne, teburi ɗaya, kujera ɗaya, fitila mai lanƙwasa wuya, sai warin dalma da ke tarbar mutum tun daga ƙofa. Rediyo, talabijin, waya, fanka, duk abin da ya mutu a gidan mutane nan ake kawowa. Allah ya ba bawan nan ido. Tsagewar da abokan sana'arsa ba sa gani sai da gilashin ƙara girma, shi da ya karkata allon cikin na'ura ga haske sai ya ce ga ta nan. Har unguwa ta manta sunansa na yanka, kowa sai Mai Ido. Da idon nan yake ci, da shi yake ciyar da matarsa da mahaifiyarsa. Ba shi da gona, ba shi da haya, ido ne jarinsa.

Mahaifiyarsa tana zaune tare da su, ɗakinta na kallon tsakar gida. Inna tsohuwa ce mai ɗinkin hannu, ba ta iya zama haka nan. Hannunta bai manta ba, amma kafar allura ta ɓace mata. Don haka kullum da safe, kafin ya fita, sai ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ya zura mata zare a allurai ya soke su a jere a gefen labule, baƙi, fari, ja, yadda za su ishe ta har yamma. Ita kuwa addu'arta ɗaya ce: Allah ya bar maka idonka. Shi kuma ya ce amin, ya tashi.

Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Inna tana da ƙane, tsohon malamin kimiyya da ya yi ritaya. Kowa a gidan Kawu yake ce masa. Mutum ne mai son bincike, irin wanda in agogo ya tsaya sai ya buɗe shi kafin ya tambayi ko batir ne ya ƙare. Shi ne ya nuna wa Mai Ido wani zaure a intanet, inda masu sha'awa daga ƙasashe daban-daban suke taruwa kan abu guda. Akwai direba a cikinsu, akwai likitan haƙori, akwai wanda ba ya aikin komai sai ba da shawara. Abin da ya haɗa su shi ne injin tura kumbo zuwa sararin samaniya ba tare da mai ba.

Bari in gaya muku yadda aka bayyana mini. Kun san mai kwalekwale ba ya yin gaba sai ya tura ruwa baya. Haka kumbo, ba ya tafiya sai ya feso wuta ta baya, kuma wutar nan mai take ci. To sai wasu suka ce akwai dabara. Ka ƙera mazurari na jan ƙarfe, kamar bokiti, baki ɗaya faffaɗa, ɗaya tsukakke, ka toshe duka biyun. Ka ciro zuciyar na'urar ɗumama abinci, wani dunƙulen ƙarfe da ke fitar da irin wutar nan da ido ba ya gani, ka cusa wutar cikin mazurarin. Wai in tana kai da komowa a ciki, mazurarin zai tura kansa da kansa wajen tsukakken bakin. Masana da yawa sun ce wannan kamar mutum ne ya shiga kwando ya kama bakinsa yana so ya ɗaga kansa. Amma masu zauren suka ce a gwada a gani. Ni ban ga laifin gwaji ba. Wanda bai taɓa gwadawa ba ai bai taɓa sani ba.

Turin da ake nema kuwa bai kai nauyin gashin kaza ba. Don haka sai a ɗora mazurarin a ƙarshen wata doguwar sanda da aka daidaita a kan tsini, kamar sikeli. A manna ɗan madubi a jikin sandar, a haska masa fitilar leza, jan ɗigo ya faɗa a bango can nesa. In sandar ta motsa ko da kaurin gashi, ɗigon zai yi tafiya a bango, ido ya gani. Sannan a rufe komai da keji na ragar waya, don wutar nan in ta yoyo, nama take dafawa, ba ta san na kaza da na mutum ba.

Kawu ya ƙera nasa a bayan gidansa. Mai Ido ya ƙera nasa a ɗakin ajiya. Zuciyar da ya fara sawa ta na'urar matarsa ce, wadda aka ba ta kyauta ranar aurenta. Ta dawo daga kasuwa ta tarar da ita a buɗe kamar kazar da aka feɗe. Da ta yi magana, ya ce mata ta yi haƙuri, abincin sanyi bai taɓa kashe kowa ba. Inna kuwa duk lokacin da ƙanenta ya shigo da guntun jan ƙarfe a hammata, sai ta tambaye shi ko an fara sayar da tikitin wata, ta ce a ajiye mata kujerar kusa da taga. Shi kuma ya ce mata ai ita nauyin bakinta kaɗai ya isa ya hana kumbo tashi. Har nan, wasa ne da dariya, babu zunubi a ciki.

To masu zauren nan suna da wata ƙa'ida, kuma a kanta labarin yake. Ba a karɓar sakamakon kowa sai ya kife mazurarinsa. Dalili kuwa, jan ƙarfe in ya yi zafi, iskar ciki da ta kewaye tana yin sama, ta ɗaga shi kaɗan, kamar yadda hayaƙi ke ɗaga tokar takarda. In tsukakken baki na kallon sama ɗigo ya tashi, ba ka san ko turi ne ko zafi ba. Sai ka kife shi, bakin ya kalli ƙasa. In turi ne na gaskiya, ɗigon zai sauka. In ya sake tashi, to iska mai zafi ce take maka wasa da hankali.

Kawu ya kunna nasa, ɗigo ya tashi. Ya kife, ɗigo ya sake tashi. Ya yi dariya har da tari, ya rubuta wa zaure cewa ya yi nasarar ƙera murhu mafi tsada a unguwarsu. Aka yi masa godiya, aka wuce. Wannan shi ne mutum.

Mai Ido ya kunna nasa wata ranar hutu da hantsi, ya ja labule don ɗigon ya fito sosai. Ɗigo ya tashi, ya tashi fiye da na kowa, don hannunsa ya fi nasu tsabta. Ya ɗauka a waya ya tura. Kafin azahar zaure ya cika da yabo. Wannan ya ce masa gwani, wancan ya ce tarihi zai tuna da shi, wani ya kira shi farfesa. Mutumin da ya saba a ce masa sannu da aiki, yau ga mutanen da bai taɓa gani ba suna cewa shi ne zai kai ɗan Adam taurari. Ya karanta, ya sake karantawa, har abincinsa ya yi sanyi a karo na biyu.

Sannan aka ce masa saura kifawa.

Ya kife. Ya kunna. Ɗigo ya tashi.

Ya kashe, ya bari ya huce, ya sake. Ya tashi. Idonsa ba ya ƙarya, ya ga abin da ya gani.

Ya 'yan uwa, a nan ne kowane mutum yake zuwa mararraba. Me ya rage masa? Jimla ɗaya. Na kife, ya tashi, zafi ne. Wa zai dake shi? Wa zai karɓe masa shago? Kawunsa ya faɗi haka, kuma gemunsa bai zube ba. Amma shi ya riga ya ɗanɗana farfesa, kuma ya ji ya fi Mai Ido zaƙi a kunne.

Sai ya tsaya gaban farin bangon nan, ya juya wayarsa, kanta a ƙasa, ya ɗauki bangon kawai da ɗigon. Da aka kalli hoton, ɗigo yana sauka. Ya tura, ya rubuta a ƙasa cewa an kife, kuma ya sauka.

Ku dubi ƙanƙantar abin. Bai fasa gida ba, bai zari wuƙa ba. Wuyan hannu kawai ya murɗa. Shaiɗan ba ya buƙatar ka ɗauki dutse, murɗa hannu ya ishe shi.

Zaure ya ɗauka kamar wutar daji. Tun daga ranar mutumin nan ya canza tafiya. Ya sayi farar riga irin ta masu ɗakin bincike, yana sawa har zuwa shagon mai shayi. In an kawo masa rediyo sai ya riƙe ta da yatsu biyu kamar mushe, ya ce shi yanzu ya wuce wannan. Shago sai a buɗe yau a rufe gobe. In an kira shi Mai Ido ba ya juyowa. Masu zaman banza na bakin titi, waɗanda ba su san bambancin kumbo da kwalba ba, suka gane lagonsa. Da ya ɓullo sai su miƙe su ce ga Farfesa, ya saya musu shayi, in ya ba da baya su fashe da dariya. Shashasha yana jin dariyar yana zaton murna ce.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Masu zaure suka ce sun yarda da shi, sai dai abu mai girma haka a yi shi kai tsaye, waya a kafe, mazurari da bango duka a cikin hoto, kowa yana kallo. Ya ce to, a ba shi lokaci ya kimtsa.

Shi ya san ɗigon ba zai sauka ba. To me wawa yake yi in gaskiya ta tare masa hanya? Sai ya fara yi wa kansa ƙaryar da ya yi wa mutane. Ya ce a ransa turin yana nan, zafi ne kawai yake danne shi. In ya ƙara wuta, turin zai rinjayi zafin, ɗigo ya sauka da gaske, ƙaryar jiya ta zama gaskiyar gobe, babu wanda zai sani. Kun ji lissafin mai girman kai. Yana so Allah ya canza halittar ƙarfe da iska don kada shi ya ce na yi kuskure.

Ya samo zuciya ta biyu daga wata na'urar da aka kawo masa gyara, ya haɗa da ta farko. Kejin ragar ya yi wa kayan kaɗan, yana taɓa sandar, sai ya cire shi ya jingine a tsakar gida, matarsa ta riƙa shanya tsumma a kai. Akwai wani ɗan sukuru a jikin mazurarin da ake murɗawa don daidaita wutar ciki. Kowa a zaure ya san ana kashe inji kafin a taɓa shi. Amma jan ƙarfe in ya yi zafi daidaiton yana gocewa, shi kuma ba shi da haƙurin kashewa da jira. Sai ya huda ƙofa kusa da sukurun, ya riƙa murɗawa injin yana aiki, fuskarsa dab da hudar, yana leƙen ɗigo ta gefen ido.

Allah ba ya kama bawa sai ya aiko masa da gargaɗi. Duk lokacin da ya kunna, wayoyin maƙwabta sai su daina kama intanet. Wata 'yar na'ura da Kawu ya ba shi, mai kuka in wuta ta yoyo, ta yi ta kuka har ya cire mata batir, ya ce ta cika surutu. Akwai wata tsohuwar doguwar fitila jingine a kusurwa, ba a haɗa ta da komai ba, sai ta riƙa kamawa da kanta. Matarsa ta gani ta tsorata, ta ce masa abin da ya kunna fitila babu waya me zai yi wa jikin mutum. Shi kuwa ya kira masu shayinsa, wato masu zaman banzan nan, ya nuna musu, ya ce su ga ikon ilimi. Fuskarsa takan yi ɗumi kamar wanda ya leƙa tukunya, idonsa ya yi ja yana ƙaiƙayi. Ya ce gajiya ce.

Kun taɓa fasa ƙwai a kasko? Kun ga yadda ruwan nan garai-garai yake zama fari, kuma ba ya komawa? Haka ƙwayar ido take. Ba ta ihu in tana dahuwa.

Wata safiya ya durƙusa bakin ƙofar Inna, don har lokacin bai daina wannan ba, ko da yake gaisuwar ta gajarce. Ya ɗauki allura, ya lashi zare, ya kai. Ya wuce. Ya sake, ya wuce. Ya juya ga haske. Inna tana kallonsa har ya gwada ya gaji. Sannan ta kama haɓarsa ta ɗaga, ta matso da fuskarta kamar mai duba yaro.

Ta ce, “Ɗan nan, akwai hazo a idonka. Ka bar tukunyar nan.”

Ya ture hannunta. Ya ce, “Inna, ke da ba ki ganin kafar allura, ke ce za ki duba mini ido? Allurar ce ta banza.”

Ya jefar da ita ya tashi. Ranar babu zare a labule, babu addu'a, babu amin. Tsohuwa ta yini tana lalube a tabarma don kada wani ya taka allurar. Tir da ɗan da ya goranta wa uwarsa tsufa.

Matarsa ce ta je ta gaya wa Kawu. Kawu ya zo da yamma, rana ba ta faɗi ba, ya shiga ɗakin ajiya, ya ga keji babu, ya ga hudar, ya ga na'urar kuka a gefe babu batir. Ya rufe ƙofa don kada matan su ji. Ya ciro wayarsa, ya buɗe hoton nan na kifawa, ya tsayar da shi, ya ja kusurwar sama da yatsu har ta yi girma.

Ashe akwai ƙusa a bangon, can gefe, inda Inna ta taɓa rataye wani tsohon carbinta ta manta. Ya shigo cikin hoton kaɗan. Kuma a hoton, carbin ba a rataye yake ba. A tsaye yake, ya miƙe daga ƙusa ya nufi sama.

Kawu ya ce masa shi ya daɗe da gani, ya yi shiru ne yana jiran ya gyara da kansa. Ya ce bai gaya wa kowa ba, kuma ba zai gaya ba. Ya ce masa ya rubuta jimla ɗaya, ko ma ya ce kuskure ne wajen riƙe waya, shi zai fara tsaya masa a zaure. Su kashe injin yau, gobe su je wurin likitan ido tun abin yana ƙarami.

Ya ce, “Ɗana, suna ana wanke shi. Ido ba a sayar da shi a kasuwa.”

Kun ga ƙofa a buɗe? Kun ga wanda ya rufa masa asiri, ya kuma shimfiɗa masa tabarmar fita? Sakaran ya dubi ƙanen uwarsa, wanda ya koya masa riƙe ƙarfen dalma tun yana ƙarami, ya ce masa hassada ce. Ya ce shekara da shekaru Kawu yana koyar da kimiyya bai ƙera ko cokali ba, yanzu ya ga yaro zai wuce shi. Ya ce ranar gwaji zai gani da idonsa. Ya buɗe masa ƙofa ya nuna masa hanya.

Kawu ya fita bai rama ba. A tsakar gida ya tambayi matar inda babban makunnin wutar gidan yake, ta nuna masa.

Ranar gwaji ta zo, da hantsi. Farfesa ya sa farar rigarsa, an goge ta. Ya kafa waya a kan kujera, masu zaure suna kallo daga ƙasashensu. Masu shayi suka cika ƙofa, har da waɗanda suka zo don an ce za a raba lemo. Kawu ya zo ba a gayyace shi ba. Ya kori mutane baya har tsakar gida, ya ce wanda yake son haihuwa da ganin jikokinsa ya tsaya nan. Ya zaunar da Inna a ɗakinta, shi kuma ya tsaya jikin makunni, hannunsa a kai.

Aka ja labule. Mazurari a kife. Farfesa ya yi jawabi mai tsawo a kan taurari, sannan ya kunna. Ɗakin ya ɗauki gurnani, fitilar kusurwa ta kama.

Ɗigo ya tashi. Kowa ya gani, na tsakar gida ta ƙofa, na zaure ta waya. Mutum ɗaya ne bai gani ba. Shi abin da yake gani jan hazo ne a bango, ba sama ba ƙasa. Ya juyo wajen ƙofa, yana murmushi, ya ce, “Ya sauka ko?”

Wani daga cikin masu shayi ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Ya ji tarin, ya gane. Da a nan ya tsaya, da ya tsira da abin da ya rage. Amma ya ce saura daidaitawa kaɗan. Ya ƙure wutar, ya ɗauki sukudireba, ya sunkuya. Da can hannunsa da idonsa tare suke tafiya, ba ya kuskuren kan sukuru ko da a duhu. Yanzu ya kai ƙarfen yana lalube, ya matso da fuska don ya gani, bakin sukudireba ya goce ya faɗa inda bai kamata ba.

Aka ga shuɗin haske, aka ji ƙara kamar an fasa faranti a kan dutse. Kawu ya ja makunni tun ƙarar ba ta gama ba, kuma wannan ne ya sa ba a yi jana'iza a ranar ba. Suka shiga suka tarar da shi a ƙasa, hannu biyu a fuska, farar riga ta yi baƙi, ɗaki yana warin ƙonannen roba. Wayar tana nan a kan kujera tana nuna wa duniya. Masu shayi kuwa, kafin a nemi wanda zai kama ƙafarsa a kai shi mota, tsakar gida ta zama fili.

Likita ya ce ido ɗaya ya tafi, narkakken ƙarfe ya shige shi. Ɗayan da ma yanar ido ta riga ta rufe shi, ga kuma tabon ƙuna a kai. An yi aiki, an yi ƙoƙari. Abin da aka ceto shi ne ya san dare ya san rana, in mutum ya tsaya gabansa ya ga inuwa kamar ta bayan labule.

Ya 'yan uwa, kada wani ya tashi daga nan ya ce tsohuwa ta hana bincike. Kawu ma ya ƙera mazurari, kuma da idonsa biyu yake karanta jarida. Ba jan ƙarfe ne ya makanta mutumin nan ba. Girman kai ne, rawanin tsiya, wanda ya fitar da Iblis daga rahama. An nuna masa gaskiya a farin bango, da jan ɗigo, shi kaɗai a ɗaki, ya juya mata waya. Uwa ta gaya masa, ya goranta mata. Kawu ya rufa masa asiri, ya kira shi mahassadi. Har carbi ya tsaya da ƙafarsa ya ba da shaida. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Kuma don wa? Don mutanen da ba su san ƙofar gidansa ba. Ya sayar da idon da uwarsa take roƙa masa kullum, ya sayi tafin baƙi. Akwai cinikin da ya fi wannan wauta?

Kowannenku yana da nasa mazurarin. Wata maganar da ka faɗa a taro, wani aikin da aka yabe ka a kai, kai kuma ka san in an kife shi ba zai tsaya ba. Ka kife shi da hannunka, ka faɗi abin da ka gani. Na yi kuskure ba ta da nauyi a baki, ɗaukar ta ne a ciki yake karya mutum.

Allah ya kiyaye mu da girman kai. Allah ya kiyaye mu da yabon da zai raba mu da gaskiya. Allah ya bar mana idanunmu, na fuska da na zuci. Ku ce amin.

Masu zaure sun gano carbin a washegari, suka yi ta yawo da hoton suna dariya, kafin mako ya zagayo sun koma kan mazurarin wani. Masu shayi sun sami wani mai saya musu. Shagon yanzu wani mai aski ne a ciki. Kawu yana zuwa duk bayan kwana biyu da cefane a hannu, bai taɓa tayar da maganar ba. Matar ta kama ɗinki da keke, ita take riƙe da gidan, mazurarin kuma ta fasa masa gindi ta kafa shi a bakin indararo yana tara mata ruwan sama a duro. Ita ce take zura wa Inna zare da safe.

Shi kuwa yana nan. Da hantsi Inna take kama hannunsa, ita da ba ta ganin kafar allura, ta kai shi bakin ƙofa ta zaunar da shi a inuwa. Ta daina waccan addu'ar, yanzu Allah ya ba ka haƙuri take ce masa. In wani ya zauna kusa da shi ya daɗe, yakan karkato ya gaya masa a hankali cewa ranar nan saura ƙiris ɗigon ya sauka.